Aikin samp da rafujiyam da wani injiniya ya min a Abuja: bututu ya iya, ciyawa kuwa sai a hankali

Ga masu tambayata a kan mutumin da ya haɗa min tankin ƙasa na akwatin kifin ruwan gishiri, wai in ba da shi ko kar in ba da shi, amsar ita ce eh a kira shi, amma fa a kan aikin bututu. Wajen huda gilashi da jera fayif da lissafin inda ruwa zai je in an ɗauke wuta, gaskiya ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba a cikin waɗanda na yi magana da su. Wajen rafujiyam kuwa, wato ɗakin da ake rainon ciyawar teku a cikin tankin ƙasan, toh nan sai ka buɗe idonka da kanka. Bazan kama sunan shagon ba tunda akwai ƙorafi a maganar kuma mutum ne mai cin abinci da sana'arsa, masu harkar nan a garin ba su da yawa, wanda ke ciki ya riga ya gane.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin irin wannan akwatin ba, samp tanki ne na biyu da ake ɓoyewa a cikin kabad ɗin ƙasa. Ruwa ya malalo daga sama ta bututu, ya bi ta matata da sikima mai kwashe datti da kumfa, sannan inji ya sake tura shi sama, haka dare da rana. Duk tarkacen da baka son baƙo ya gani can suke zama. Nawa akwatin tsawonsa santimita 120, faɗi 50, tsayi 55, lita 330 kenan. Samp ɗin da ya yanka min 90 ne da 40 da 40, lita 144 in an cika shi fal, amma ba a cikawa, kuma a kan wannan gurbin da ake bari ne duk aikin ya rataya.

Turawan da ke wannan harkar a Amurka da Jamus suna maganar ɗauke wuta ne a matsayin abun da ka iya faruwa wata rana in an yi guguwa. Mu kuwa kun san halin da ake ciki. Ko kana da inbata da sola akwai ranar da batir zai yi ƙasa, akwai tazarar da ke tsakanin tafiyar wuta da tashin jen, akwai yaron da zai ja canjoba ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Kuma duk lokacin da injin turo ruwa ya tsaya, ruwan sama ba tsayawa yake nan take ba, ci gaba yake da gangarowa ƙasa har sai ya sauka ƙasa da bakin mafitarsa, kuma bututun da ke kai ruwa sama shi ma juyawa yake ya koma zuƙo ruwan yana dawo da shi baya. In samp bai da wurin karɓar wannan ruwan, a kan tayil da kafet ɗin falo zaka same shi, ruwan gishiri kuwa ba abun wasa bane ga katako da wayar wuta.

Abun da ya sa na yarda da mutumin kenan, domin kafin ma a yi maganar kuɗi tambayar da ya fara min ita ce, "Alhaji, in wuta ta tafi ƙarfe biyun dare kowa na barci, ina kake so ruwan nan ya je?" Nace Injiniya ai kai zaka gaya min. Ya ciro tef ya auna, ya yi lissafin a bayan rasit a gabana. Fuskar ruwan akwatin 120 sau 50, kowane santimita ɗaya na tsayin ruwa lita 6 ne. In ruwan ya sauka santimita 3 kafin zuƙon ya yanke, lita 18 kenan. A ƙara da wanda ke cikin akwatin malala na baya, wato ɗan ɗakin da ruwan sama ke fara zubawa kafin ya shiga bututun sauka, da na cikin bututai da wanda zai zubo daga cikin sikima in ta tsaya, yace mu ƙaddara lita 25. Samp kuma 90 sau 40, kowane santimita lita 3.6, ya tsayar da ruwan aiki a wajen santimita 22, saura 18 a sama babu komai, kusan lita 65. Kaga gurbin ya ninka abun da zai sauko har da ɗoriya. Lissafin ɗan firamare ne wallahi, amma na ga akwatuna a gidaje da ofisoshi da ba a yi musu shi ba, an cika samp kusan baki don wai ƙarin ruwa ƙarin lafiya, sai a ga farin gishiri ya bushe a gindin kabad kamar dama haka aka saye shi.

Wani abu da ya ƙi yi, kuma na ji daɗin ƙin, shi ne sa bawul mai hana ruwa komawa baya. Duk fulamba na gida shi zai fara kawo maka tunda a layin bohol da tankin sama yana aiki lafiya. A ruwan gishiri mai rai kuwa ƙananan halittu masu ɓawo suna tsirowa a cikin bututu, ko ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a bakin murfin ya ƙi rufuwa ruf, kuma ba zaka sani ba sai ranar da kake buƙatarsa. Ga shi yawancin na kasuwa na tagulla ne ko masu sifirin na ƙarfe a ciki, jan ƙarfe kuwa guba ne ga murjani da jatan lande da katantanwa, ɗan kaɗan ya isa. Shi abun da ya yi kawai ya ɗaga bakin bututun da ke feso ruwa ya zauna kusa da fuskar ruwan, ƙasa da ita da kamar santimita 2, da zarar ruwa ya ɗan sauka bakin ya sha iska zuƙo ya mutu. Ya ƙara wani ɗan rami a jikin bututun a matsayin na biyu amma yace kar in dogara da shi don gishiri da gansakuka na toshe shi, in riƙa zura tsinke lokaci lokaci. Babu abun da zai lalace a wannan tsarin domin babu abun da ke motsi.

Bututun saukar ruwa uku ya sa, tsarin da 'yan harkar ke kira Bean Animal. Akwai mai bututu ɗaya da ake ce wa Durso, iska da ruwa suke sauka tare shi ya sa baya rabuwa da gurgur, akwai Herbie mai biyu, sai wannan mai uku. A cikin ukun nan bututu na farko shi ne babban, cike yake da ruwa babu iska ko kaɗan, yana zuƙa ne kawai, kuma shi ke da bawul ɗin saiti. Na biyu yana da 'yar ƙofar iska a sama, ɗan ragowar ruwan da na farko ya bari shi yake bi ta jikinsa a hankali ba ƙara, kuma an lanƙwaso siririn tiyon iskar ta yadda in ruwa ya hau ya rufe bakin tiyon sai shi ma ya koma cikakken zuƙo. Na uku a bushe yake zaune, bakinsa na kallon sama, baya aiki sai biyun can sun toshe. Ni da farko na so a tsaya a biyu don rage huda gilashi, yace "Alhaji katantanwa ɗaya ce zata shiga ta zauna a bakin bawul, rami ɗaya kuma nawa ne?" Ya bar ƙarshen na ukun a sama da ruwan samp da gangan, don in ya fara aiki a ji ƙarar zubar ruwa a san akwai matsala. Wannan dabara ce mai kyau.

Kuma shiru ɗin gaskiya ne ba talla ba. Akwatin a falo yake, in an kashe talabijin ƙarar firij ta kicin ta fi tasa.

Inda ƙwarewarsa ta fi fitowa shi ne dawowar wuta, don tafiyarta rabin magana ce. Cikakken zuƙo sai ya kori iskar da ta shiga bututun kafin ya kama, in bai kama ba ruwa ya yi ta hawa da sauka yana kwarara ta na gaggawa. A ƙasar da inji zai yi wata shida bai tsaya ba mutum zai iya haƙuri da wannan, mu da zai tashi ya tsaya sau da yawa a yini kuwa dole ya kama da kansa ba tare da an taɓa bawul ba. Abun da ya yi, bai bar bututun ya kwanta a miƙe ko'ina ba, duk inda za a karkata elbo mai digiri 45 ya sa maimakon 90, sannan ƙarshen bututun santimita 2 kacal ya nutse a ruwan samp, yace in ya yi zurfi iskar bata iya fita. Bawul ɗin ma can ƙasa ya sa shi kusa da samp. Kafin a zuba gishiri ko ƙwaya ɗaya da ruwan famfo ya cika komai, ya yi ta kashewa yana kunnawa, ya toshe na farko da hannu muka ga na biyu ya ɗauka, ya toshe biyun muka ga na uku ya ɗauka, ya shimfiɗa jarida a ƙasan kabad ya ce a bar ta ta kwana a ga ko akwai ɗigo. Cikin minti ɗaya zuwa biyu zuƙon ke kamawa, har yau kuma haka yake. Duk wanda zai maka irin wannan aikin bai yi wannan gwajin a gabanka ba kar ka cika masa kuɗinsa.

Maganar bawul, get-bawul ya sa, mai murɗawa zagaye da yawa, na roba zalla. Bol-bawul mai jan hannu da ke ko'ina a kasuwa buɗewa da rufewa kawai ya iya, in kace zaka yi saitin zuƙo da shi ka ɗan taɓa ya wuce ka ɗan dawo ya gaza, ga tauri in gishiri ya kama shi. Get-bawul na roba kuwa wahalar samu gare shi a nan, odarsa aka yi, kuma a nan ne wata matsala take da ya kamata kowa ya sani. Kayan akwatin kifi da ake kawowa daga Amurka awon inci ne, na Turai da mafi yawan na Chaina milimita ne. Fayif mai inci 1 na Amurka kaurinsa ta waje milimita 33.4 ne, na milimita kuma 32, a ido ɗaya suke amma ba sa shiga juna yadda gam zai kama. Haka inci uku bisa huɗu da milimita 25. Masu aikin gaggawa sai su gasa bakin fayif a wuta su cusa, ko su lafta gam da tef. Shi ya tsaya a kan milimita tun daga mahaɗin da ke ɗaure bututu a ramin gilashi har ƙasa, 32 na sauka 25 na hawa, inda dole ta sa aka haɗu da inci kuma ya nemo mahaɗin canji na gaskiya. Ya sa yuniyon, mahaɗin da ake kwancewa da hannu, a gaban inji da bayan bawul da ƙarƙashin kowane rami, shi ya sa in zan wanke inji minti biyar na cire shi ba zarto. Yuniyon ɗin sun ƙara kuɗi sosai, na yi ƙorafi a lokacin, yanzu kam bana yi.

Huda gilashin ma ya yi shi da hankali. Ya fara duba ko gilashin mai tauri ne irin wanda aka gasa, da tabarau mai tace haske da fuskar waya, domin irin wannan da an sa masa dirili tarwatsewa yake gaba ɗaya. Bakin dirili mai lu'ulu'u, ruwa na zuba a kai, ba dannawa. Robar mahaɗin a ɓangaren leɓensa ya sa ta, ya ɗaure da hannu ba da sifana ba, bai shafa silikon a kai ba. Silikon ɗin da ya manna allunan cikin samp da shi kuma ba irin na banɗaki bane mai maganin fumfuna, wannan maganin kashe kifi yake.

Tsarin ɗakunan, hagu ruwa ke sauka ya shiga safar tacewa mai ƙananan ramuka, awon maikiron 200, sannan sikima, sai alluna uku na kama kumfa, ruwa ya bi ta sama ya bi ta ƙasa ya sake bi ta sama, tsakiya ɗakin inji, dama kuma rafujiyam. Allon farko shi ke tsayar da zurfin ruwan ɗakin sikima, kuma ya yanka shi daidai da zurfin da takardar sikimar ta ce, don ita sikima in ruwa ya hau ko ya sauka ko da kaɗan ne sai aikinta ya rikice. Wani abu kuma da ban taɓa tunaninsa ba sai da ya faɗa, in wuta ta dawo samp cike yake da lita 25 ɗin nan da suka sauko, sikima ta tashi a cikin ruwa mai zurfi sai ta haukace ta cika kofinta ta amayar da baƙin dattin da ta tara ya koma cikin ruwa. Ya sa mata ɗan na'urar jinkiri irin wadda ake sa wa firij, sai bayan minti biyar take tashi, lokacin inji ya riga ya maida ruwan sama. Abu mai araha amma ya raba ni da wari.

Ɗakin inji ƙarami ne, 20 da 40, kuma a kansa muka fi jayayya. Duk ruwan da ya ƙafe a tsarin gaba ɗaya a wannan ɗakin kaɗai ake ganin raguwarsa, kowane santimita bai kai lita ɗaya ba, lokacin hunturu kuwa da iska ta bushe ga fanka na hura saman ruwan, lita huɗu biyar na tafiya a yini, kafin kace me inji ya fara shan iska yana feso kumfa. Nace a faɗaɗa. Yace a'a, ƙanƙantarsa kariya ce, in duk bututan sauka uku suka toshe inji ba zai iya turawa sama ba sai abun da ke ɗakinsa, lita goma sha wani abu, akwatin sama kuma ya bar masa santimita 4 zuwa baki, lita 24, kaga ba zai yi ambaliya ba. Maganarsa gaskiya ce amma ta zo da sharaɗi, dole ka sayi na'urar cike gurbi mai ƙara ruwa da kanta, kuma bai faɗi haka a lissafin farko ba sai da aiki ya yi nisa. Wannan ɗaya ne daga ƙorafina. Ruwan da ake ƙarawa ba na gishiri bane, gishiri baya ƙafewa, tataccen ruwa ne na matatar RO mai cire gishiri da sinadarai daga ruwa, ba na bohol ba ba kuma fiya wata ba. Jarkar ajiyar lita 20 ya zaɓa ba babba ba, yace ko na'urar ta maƙale ta juye duka a lokaci ɗaya kuma aka ɗauke wuta a kai samp zai ɗauka, gishirin ma daga 35 cikin dubu zai sauka wajen 33 ne kawai, kifi da murjani zasu jure.

Injin turo ruwan na kamfanin Jebao ne mai DC, yana tashi a hankali ba da fizga ba kuma baya cin wuta, inbata bata ma san da shi ba. Ya saita shi ruwan akwatin na zagayawa samp kamar sau biyar a awa. Daga bututun hawa ya fitar da rassa masu bawul, ɗaya na rafujiyam, ɗaya na injin sanyaya ruwa, ɗaya ya toshe don gaba. Injin sanyayawar ba ado bane, murjani digiri 24 zuwa 26 yake so, zafin Maris da Afrilu na Abuja kuma kun sani, ya kuma dage a ajiye shi a wajen kabad don zafin da yake fitarwa. Nan ma ya yi daidai.

Toh yanzu rafujiyam. Amfaninsa uku ne, ciyawar teku ta girma tana shanye naitiret da fosfet, sinadaran da kashin kifi da ragowar abinci ke tarawa, daga ruwa kana yanke ta kana zubarwa, ƙananan ƙwarin ruwa irin su kofifod su hayayyafa inda kifi baya cinye su, sannan in ka kunna fitilarsa da dare lokacin da ta sama ke kashe ciyawar na shan iskar kabon sai pH, wato awon tsamin ruwa, ya rage faɗuwa kafin asuba. Wurin da ya sa shi daidai ne, ruwansa na malala kai tsaye ɗakin inji, ƙwarin na hawa sama ba tare da sun bi ta safa ko sikima ba, kuma yana da bawul nasa. Bututu dai, bututu ya iya.

Sauran kuwa hmm. Ɗakin bai kai lita 30 ba, bai kai kashi ɗaya bisa goma na akwatin sama ba, amma ya riƙa min maganarsa kamar zai sa in daina canza ruwa. Ba zai sa ba. Rafujiyam mai wannan girman taimako yake, ga ƙwari kuma yana da kyau, amma in kana da kifi da yawa kana ciyar da su sosai ba shi zai riƙe maka naitiret ba. Fitilar da ya kawo farin ƙwai ne na LED irin na ɗaki mai rauni, ciyawar ta zauna bata girma bata mutu ba, sai gansakuka mai santsi ke lulluɓe ta. Ita wannan ciyawar, ketomofa, wadda in ka gan ta sai kace soson ƙarfe na wanke tukunya ne aka rina kore, haske mai ƙarfi take so mai rinjayen ja, irin fitilar da ake rainon shuka da ita, kuma tana son ruwa ya ratsa ta ko a riƙa juya ta. Da na canza fitilar da kuɗina na ƙara buɗe bawul sai ta tashi. Da na faɗa masa sai yace ai haske haske ne Alhaji. Ba haka bane Injiniya.

Na biyu, allon da ya raba rafujiyam da sauran ɗakuna farin gilashi ya sa, haske na ratsawa har jikin sikima, yanzu gansakuka na fitowa a cikinta da jikin allunan kumfa inda hannu baya shiga. Baƙin allo ake sawa a wurin, ko a manna baƙar roba kafin a zuba ruwa, aikin minti goma a lokacin haɗawa, yanzu kuwa sai dabara. Na uku ya so ya zuba min yashi mai kauri a ƙasan ɗakin, na ƙi, a ɗan wannan wurin datti kawai zai tara kuma ba a iya zuƙe shi, 'yan gutsattsarin dutse na sa a kwando yadda zan iya ɗagawa. Na huɗu, da ciyawar farko ta iso a galabaice saboda tafiya sai yace ya kawo min wata ciyawar teku mai suna kaulafa a madadinta wai ta fi saurin girma. Ta fi sauri kam, amma ita ce mai yin fari fat dare ɗaya ta narke ta sako duk abun da ta sha cikin ruwa, kuma in ta kama dutse a akwatin sama fitar da ita aiki ne. Wani nau'inta ne aka fara gani a tekun Bahar Rum a gaɓar Monako a 1984 ya bazu ya mamaye wurare masu yawa, jihar Kalifoniya ma ta haramta wasu nau'o'inta a 2001. Mai sayar da kayan ruwan gishiri ya kamata ya san wannan ko aƙalla ya gargaɗi mai saye.

Sai wutar cikin kabad, nan ma bai burge ni ba. Mutumin da ya yi lissafin kowace lita sai ga shi ya ajiye ekstenshan a ƙasan kabad gefen samp. Feshin ruwan gishiri na bushewa ya hau komai, soket kuwa ba a haɗa shi da gishiri. Mai wayarin na kira daban ya ɗaga su sama a wani ɓangare da aka raba da katako, kowace waya ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket don ɗigo ya sauka a ƙasa, ya kuma sa burekar da ke yanke wuta in ta zuba a ruwa. Hannunka cikin ruwan gishiri yake kullum, wannan ba wurin rowa bane.

Halin aiki, yana da tsabta, yaronsa ya goge gam ya kwashe gutsattsarin fayif, an jera bututan a miƙe an ɗaure su da maƙalai a jikin kabad yadda nauyinsu baya kan gilashi. Alƙawarin lokaci kuwa sai haƙuri, gobe ɗinsa tana da tsawo, waya kuma in baya son ɗauka ba zai ɗauka ba, sai dai ka tura saƙo ya amsa da dare. Wani jinkirin ba laifinsa bane, jiran kaya ne daga waje, amma da ya faɗa tun farko da an huta. Kuɗinsa ya fi na fulamba nesa ba kusa ba kuma baya ragi sosai, sai dai in ka kwatanta da shigo da haɗaɗɗen akwati irin na kamfanin Red Sea ko Waterbox masu zuwa da samp da bututansu a yanke, ka lissafa dakon gilashi mai nauyin nan da kwastan da fargabar fashewa a hanya, nasa ya fi sauƙi, kuma in wani abu ya karye a nan za a sami madadinsa.

In zaka ba shi aiki, ka sa ya rubuta maka duka kayan tun farko har da na'urar cike gurbi da ta jinkirin sikima, kace baƙin allo kake so a rafujiyam, fitila da ciyawa ka nemo da kanka, in kabad ɗinka na da wuri kuma ka ce a ƙara tsawon samp ɗin a ba ciyawa. Ka sa a yi odar get-bawul biyu da robobin yuniyon na ajiya a tafiya ɗaya, sannan ya rubuta awon kowane fayif a jikinsa da alƙalamin maka, don ranar da zaka aika yaro kasuwa neman mahaɗi kar ya dawo maka da na inci.